Jar tawada a littafin tashin Kawu

Ranar sadakar uku, da la'asar sakaliya, bayan an naɗe tabarmin ƙofar gida 'yan ta'aziyya sun ragu, Hajiya ta aiko yarinya ta kira ni. Na same ta a ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu, 'yarta ta fari na zaune a gefe. Bayan na sake yi mata gaisuwar rashi, sai ta nuna ƙarƙashin gado ta ce, "Ɗan nan, jawo akwatin can. Kai ne ka yi ta damunsa da tambaya yana raye, to abin da bai faɗa maka ba yana ciki. Yaran nan suna so a yi ɗan littafi a raba ranar arba'in. In za ka iya, bismilla."

Na ce zan iya. Kwana 37 ne suka rage.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar aikin sojan sama da muƙamin Guruf Kyaftin, daidai da Kanar ke nan a sojan ƙasa, bayan ya shafe kusan shekara ashirin yana tuƙa jirgin dakon sojoji da kaya samfurin Hercules C-130. Amma a unguwa Alhaji mai gonar kaji aka san shi, wanda ba ya rasa sahun farko. Yaran da yake raba wa alawa bayan sallar la'asar ba su san hannun nan ya sha sauke jirgi mai inji huɗu a Laberiya ana tsakiyar yaƙi ba. A shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa na samu na zaunar da shi sau uku, na ajiye waya a tsakaninmu tana naɗar magana. Duka ukun ba su kai awa huɗu ba, kuma rabinsu labarin wasu ne: malaminsa wane, abokinsa wane. In na ce, "Kawu, kai fa?" sai ya yi murmushi ya ce, "Ni direba ne, yaro. Motar ce kawai ba ta bin ƙasa."

Da na buɗe akwatin a gida, ƙanshin kafur ne ya fara tarbata. A sama akwai hular aiki naɗe cikin tsohon zane, da bajon fukafuki wanda matuƙa ke maƙalawa a ƙirji, da fasfo uku da aka yanke wa kusurwa. Ƙarƙashinsu hotuna ne cike da ambulan, da damin wasiƙu ɗaure da zare, da wani faifan ƙarfe mai lambobi da ake juyawa, wanda daga baya aka gaya mini da shi suke lissafin iska da mai da tsawon tafiya kafin na'urorin yanzu su zo. Can ƙasa kuma littattafai uku masu kaurin bango. Su ne logbuk, littafin da kowane matuƙi ke rubuta duk tashin da ya yi, tun daga ranar farko har ranar da ya ajiye aiki.

Kafin in karanta komai sai na ɗauki hoton komai. Dare biyu na yi ina bin shafi bayan shafi da waya a ƙarƙashin fitila mai caji, na tura kwafi ga 'yar Kawu da ke Abuja don kada ajiyar ta zama a hannu ɗaya. Duk mai shirin irin wannan aiki, da wannan zan ce ya fara, domin tsohuwar takarda ba ta jure yawan juyi. Hotunan kuwa damina da yawa ta wuce a kansu, wasu sun manne da juna. Na kai wa wani tsohon mai hoto a Sabon Gari, ya raba abin da ya rabu, ya dawo mini da goma sha wani abu ya ce waɗannan sai haƙuri, fuskokin sun tafi.

Na fara da haihuwa, nan take na ci karo da saɓani. Takardun aiki sun ce 1 ga Janairu 1952. Duk wanda ya san yadda ake rubuta wa yaran wancan zamani ranar haihuwa a makaranta ya san ɗaya ga Janairu cike gurbi ne kawai. Na tafi wurin Inna, yayarsa, wadda ta girme shi da shekara bakwai kuma ita ta goya shi. Ta ce, "Da damina aka haife shi, gero ya fara fid da kai. Bai fara zama ba Sarki Alhaji ya rasu, ina goye da shi muka ji gari ya ɗauka." Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu a watan Disamba 1953. Don haka na rubuta daminar 1953, na kuma ambata abin da takarda ta ce. Tsakanin magatakardan da bai san yaron ba da yayar da ta goya shi, na san wanda na fi yarda da shi.

A Fagge suka taso, inda jiragen da ke shirin sauka a filin jirgin Kano ke wucewa ƙasa-ƙasa har ana ganin tayoyinsu. Kano dama tsohuwar tashar jirgi ce, tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a nan. Inna ta ce sauran yara na yin motar kara, shi jirgin kara yake yi, da fukafuki da farfela. Ya yi allo, ya yi firamare, ya wuce makarantar da a yau ake kira Kwalejin Rumfa, daga nan ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1972, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasa.

Cikin damin wasiƙun nan na sami wadda ta tsayar da ni tsawon dare. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Mutanen Fagge sun ga hayaƙin da idonsu, kuma unguwanni da yawa sun yi zaman makoki. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta sa aka rubuta wa ɗanta a Kaduna cewa ya tattaro kayansa ya dawo gida, ita ba ta haifi ɗan da zai hau wannan abu ba. Amsarsa ce ke hannuna, da Hausar boko, domin wani zai karanta mata. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce: "Iya, ajali ba a sama yake ba, ba a ƙasa yake ba, yana inda Allah Ya ajiye shi. In kin ce in dawo zan dawo, ba zan saɓa miki ba. Amma ina roƙon ki sa mini albarka." Bai taɓa ba ni wannan labari ba. Da na tambayi Inna ta ce kwana uku Iya ta yi ba ta ce komai ba, a na huɗu ta dafa dambun nama ta ba direban motar Kaduna ya kai masa. Amsar ke nan.

Abin da ya shafi tarihin rundunar bai ba ni wahala ba, domin a naɗi na farko Kawu ya karanto mini shi kamar mai biya allo. An kafa rundunar sojan sama da doka a watan Afrilu 1964, Jamusawan Yamma ne suka zo suka tsara ta, har shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kafin George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko a kujerar a 1966. Ya fi yawan ambaton John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin samarin da aka tura Habasha koyon tuƙi a 1962, wanda ya karɓi shugabanci a 1975. A cewar Kawu a zamanin ne rundunar ta miƙe, aka sayo jiragen yaƙi MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet, aka kuma sayo Hercules daga Amurka. Na duba waɗannan shekaru ɗaya bayan ɗaya, ban same shi da kuskure ba.

Littafi na farko ya fara ne da ƙaramin jirgin koyo na Birtaniya mai suna Bulldog, mai inji ɗaya da kujeru biyu a jere, a sansanin Kaduna. Layi bayan layi, sunan malami a gurbin matuƙi, nasa a gurbin ɗalibi, minti arba'in, minti hamsin. Sai wani layi da gurbin malami ya zama fanko, aka rubuta solo aka ja masa layi biyu. Wannan ranar kam ya ba ni labarinta da bakinsa. Ya ce malamin ya sa ya tsaya a gefen titin jirgi, ya kwance ɗamararsa ya fita, ya buga fiffike da hannu ya ce je ka zagaya sau ɗaya ka dawo. "Da na ɗaga na waiwaya dama na ga kujerar ba kowa, sai na ji bakina yana karanta Ayatul Kursiyyu ban sa shi ba." Minti goma sha biyar ne a littafin. A naɗin, ya yi fiye da haka yana ba da labarinsa.

Sai Amurka: sansanin Lackland a San Antonio ta jihar Texas, daga baya Little Rock a Arkansas, inda ake koyar da tuƙin Hercules. Wasiƙun wannan lokaci duk sanyi ne da kewar tuwo, sai wuri ɗaya da yake gaya wa Iya kada ta damu da sallarsa, da kamfas ɗin aiki yake gano alƙibla. Na sa wannan a littafin, na wuce.

A littafi na biyu aikin ya tsaya mini. Maimakon sunayen garuruwa sai haruffa huɗu-huɗu: DNMM, DNKN, DNMA, FTTJ. Na yi kwana biyu ina kallonsu kafin wani ɗan abokina da ke aiki a filin jirgi ya gaya mini lambobin filayen jirage ne na duniya. DNMM Legas, DNKN Kano, DNMA Maiduguri, FTTJ Njamena. Da na samu mabuɗin sai shafukan suka fara magana. Daga ƙarshen 1981 zuwa tsakiyar 1982 kusan kowane mako akwai Maiduguri zuwa Njamena, kuma wannan ya yi daidai da lokacin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tura rundunar kiyaye zaman lafiya Chadi, sojojin Najeriya da Senegal da Zayar a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga. A watan Yuni 1982 Hissène Habré ya ƙwace Njamena daga hannun Goukouni Oueddei, kuma ba da jimawa ba FTTJ ya ɓace daga littafin. Haka na dinga yi: in buɗe tarihin ƙasa a hannun dama, littafin Kawu a hagu, in ga inda suka haɗu.

Na kuma lura da tawada iri biyu. Yawancin layukan shuɗi ne ko baƙi, wasu kuma ja. Na gane da kaina cewa ja tashin dare ne, domin awanninsa a gurbin dare suke. A shekarun farko ja jefi-jefi ne. Daga ƙarshen 1990, a littafi na uku, sai ya yi yawa, kuma kusan duk hanya ɗaya ce: daga GLMR ko GLRB ko GFLL zuwa Legas. Biyun farko filayen jiragen Monrovia ne, Spriggs Payne da Robertsfield, na ukun Lungi ne a Saliyo. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sun sauka a Monrovia, babban birnin Laberiya, a watan Agusta 1990, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin, mutane da kuɗi da jirage.

Abin da ban gane ba shi ne ɗan ƙaramin rubutun ajami da fensir a bakin wasu daga cikin jajayen layukan, can gefe inda ba gurbin komai ba ne. Kalma ɗaya ko biyu. Ajamina bai kai ba, rubutun kuma ya dushe. Na kai wa limamin masallacinmu bayan sallar isha, ya sa tabarau ya matso da fitila. Ya ce, "Ai ba addu'a ba ce, malam. Ƙirga ne. Wannan huɗu. Wannan bakwai. Wannan biyu." Ya bi su har ƙarshe, duk lambobi ne da aka rubuta da kalmomi. Ya tambaye ni ƙirgan mene ne, na ce abin da nake nema ke nan.

Hajiya ba ta sani ba. Ta ce abin da ta sani shi ne a shekarun nan in ya dawo da asuba ba ya cin abinci, wanka yake yi ya shimfiɗa darduma, kuma ba a yi masa magana sai azahar. Amma ta ce akwai wani injiniyansa da suka daɗe tare, Kirista ne daga kudancin Kaduna, duk sallah sai ya kira, ranar jana'iza ma ya zo ya tsaya daga gefe har aka gama. Ta sa aka nemo mini lambarsa a wayar Kawu. Ranar Asabar na hau motar Kaduna.

Na same shi a gidansa wajen Mando, ba nisa da sansanin sojan sama, dattijo mai furfura, kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda shekarun ƙarar inji. Da na gaishe shi na ce Baba ni ɗan yayar wane ne, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Bai taɓa kiran sunan Kawu ba har na tafi, Oga yake cewa. Ya fara da jirgin, kamar mai ba da labarin dokin da ya yi kiwo. Ya ce Hercules inji huɗu gare shi masu farfela, yana ɗaukar soja 92 da kayansu, ko masu lema 64, kuma yana sauka a inda jirgin fasinja ba zai ko kalla ba. Mutum biyar ke aiki a ciki: matuƙi a kujerar hagu, mataimakinsa a dama, shi injiniya a tsakiya ɗan baya kaɗan yana lura da injuna da mai, sai mai duba hanya, sai mai kula da lodi a baya. "Shekara tara ina kallon ƙeyar Oga, ɗana. Daga wuyansa nake gane ko akwai matsala, don muryarsa ba ta canjawa." Ya ba ni labarin wata sauka a Kano cikin hazo, lokacin da hunturu ya rufe gari har ba a ganin ƙasa, Oga ya sauko ya duba bai ga titi ba, ya ƙara wuta ya tashi ya juya Kaduna, alhali akwai manya a baya da ke jiran a sauke su. Ya ce da aka yi masa ƙorafi amsarsa ɗaya ce, gara a yi fushi da shi a Kaduna.

Sai na buɗe littafi na uku na nuna masa fensirin. Ya daɗe yana kallo. Shi ba ya karanta ajami, amma ya san ranakun. Ya ce, "Yaranmu ne. Waɗanda muka dawo da su."

Ya ce in za su tafi sukan ɗauki sojoji da harsashi da shinkafa da magani, da rana. In za su dawo sukan ɗauko masu rauni da gawarwaki, kuma yawanci da dare ake so su iso Legas. Kafin a tayar da inji Oga kan sauko daga gaba ya zagaya baya, ya cire hula, ya tsaya. Ya ce wa Musulmi su yi tasu addu'ar, Kirista su yi tasu. Sa'an nan ya tambayi mai kula da lodi, nawa ne? A gaya masa, ya koma kujerarsa. "Ban san yana rubutawa ba. Littafin nan duk ƙarshen wata kwamanda ke sa masa hannu, kuma ba a rubuta irin wannan a ciki. Shi ya sa ya yi da rubutunku." Ya share ido da bakin riga ya ce yawancinsu yara ne, wasu ko gemu ba su fara ba.

Ɗaruruwan sojojin Najeriya ne suka mutu a Laberiya da Saliyo, kuma iyalai da yawa labari kawai suka samu. A motar dawowa wannan nake ta juyawa: mutum ɗaya a kujerar hagu ya ga bai kamata a sauke su kamar sauran kaya ba tare da wani ya san adadinsu ba, sai ya ajiye nasa lissafin da rubutun da ya koya a makarantar allo.

Akwai abu na biyu da dattijon ya nuna mini kafin in tashi. Ya sa yatsa a gurbin lambar jirgi ya ce in nemi 911. Na same ta a shafuka da yawa, tun daga littafi na biyu. Ranar Asabar 26 ga Satumba 1992 wannan jirgi ya tashi daga Legas zai nufi Kaduna, ɗauke da hafsoshi mafi yawansu ɗaliban kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji. Mintuna kaɗan da tashi injunansa suka mutu, ya faɗa fadamar Ejigbo. Fiye da mutum 150 ne a ciki, ba wanda ya fita. Ma'aikatan jirgin abokan aikinsu ne, tare suke shan shayi. A littafin Kawu babu kalma ko ɗaya a kan wannan, ko da fensir. Lambar ce kawai ba ta sake fitowa ba, kuma akwai kwana goma sha ɗaya da ba a rubuta komai ba. A rana ta goma sha biyu ya tashi da wani jirgin. A tsakiyar watan Oktoba madugun 'yan tawayen Laberiya Charles Taylor ya kai babban farmakinsa kan Monrovia, jar tawada ta dawo.

Na dawo Kano saura kwana goma sha shida, na zauna rubutu. Da Hausa na rubuta, domin waɗanda za su karɓi littafin a ƙofar gida da Hausa suka san shi. Na bi shawarar liman: kada a yi ƙari, kada a yanke masa makoma, a faɗi abin da aka sani a rufe da addu'a.

Da na kai wa iyali daftarin sai aka rabu biyu a kan shafukan Laberiya. Babban ɗansa ya ce, "Yaya, wannan fa sirri ne. Da Baba yana so a sani da ya faɗa. A sa muƙamai da lambobin yabo da ƙasashen da ya je, ya isa." Ƙanwarsa ta ce in aka cire wannan to me ya rage, jerin muƙamai kowa ma yana da shi. Ni ina bayanta, amma maganarsa ba ta banza ba ce, kuma uba nasa ne. Muka je wurin wani abokin karatun Kawu tun NDA, shi ma mai ritaya. Ya karanta shafukan sau biyu ya ce a faɗi cewa ya ɗauko su, a faɗi cewa yana tsayawa a kansu yana kuma ƙirga su, amma kada a buga adadi ko rana ko hoton shafin, domin ba namu ba ne mu fitar, kuma akwai iyayen da za su ga rana su fara lissafi. Hajiya ta ce haka za a yi. Har yanzu ina jin wani abu a raina game da lambobin nan da suka koma cikin akwati, amma maganar iyaye ta gamsar da ni.

Wurin bugu ma sai da aka yi gyara. Na kai aikin wani ɗan kamfanin ɗab'i, shafi 48, kwafi 200. Da aka fito da gwaji, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ƙananan akwatuna, domin kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Mai aikin ya ce a mayar da su k da d da b kawai, kowa zai gane. Na ce a'a, littafin da ke maganar ƙasa da sama ba zai fita da kasa ba. Na koma gida na mayar da shi PDF yadda haruffan za su zauna daram, na sake kawowa, na zauna a wurin har aka fitar da shafin farko na duba. A bango muka sa hotonsa yana saurayi a gefen Bulldog, hula a hammata. An kawo kwalayen ana gobe arba'in da daddare.

Washegari bayan an yi addu'a an shafa, yara suka raba. Na ga dattawan unguwa da suka yi shekara ashirin suna sahu ɗaya da shi suna juya shafuka suna kallon juna. Wani ya ce, "Ashe Alhaji haka yake?" Dattijon Mando ya zo tun da safe, ya karɓi nasa, ya nemi ƙarin goma. Ya ce akwai matan abokan aikinsu da suka rasu a Ejigbo waɗanda har yanzu yake gaisawa da su, zai kai musu da kansa.

Da daddare na tafi wurin Inna da kwafi ɗaya, domin idonta ba ya ganin rubutu yanzu. Na zauna a bakin gadonta ina karanta mata. Ta gyara mini wuri ɗaya: ta ce jirgin karan ba shi kaɗai yake yi ba, ita ke fere masa farfelar da reza don kada ya yanke. Na rubuta a gefe da biro. Da na iso wasiƙar 1973 ta ɗaga hannu ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce Iya a cikin kwallarta ta ajiye wannan takarda har ta rasu, kuma duk sanda jirgi ya wuce ta saman gida sai ta daina abin da take yi ta ce Allah Ya sauke ku lafiya, ko na waye.

Ta yi shiru, ta gyara mayafinta. Sai ta ce, "Ci gaba, ɗan nan. Ina ne ya je bayan nan?"